Daminar da Yaya Dauda Ya Yi Huɗa a Gonar Manga

Ku yara, tun kuna ƙanana kuke jin ana cewa yayana Dauda, wanda kuke kira Baba Mai Shari'a, ya kai bakin ƙofar kotun ɗaukaka ƙara aka mayar da shi saboda wani hoto. Kwanan baya a wurin biki na ji ɗayanku yana yi wa abokinsa rantsuwa wai hoton karɓar toshiya ne, ɗan'uwansa kuma yana gardama wai a'a, da mace aka ɗauke shi. Saura kaɗan in shaƙe da naman da ke bakina. Ni ina cikin hoton nan, tumbina kaɗai ya cinye rabinsa. Babu wanda ya fi ni sanin abin da ke ciki, don haka gara in rubuta muku tun ina da sauran haƙora da sauran tunani.

Gidanmu gidan soja ne, kamar rabin gidajen ƙasar Zuru. Kakanku, Baba Saje, ya bar aikin soja amma sojan bai bar jikinsa ba. Da usur yake tayar da mu, kajin gidanmu ma a layi suke shiga akurki. A ganinsa ɗa namiji iri biyu ne, wanda ya sa kaki da wanda likita ya ƙi. Ni likita ya ƙi ni, ya ce tafin ƙafata a shimfiɗe yake kamar faranti, na dawo gida ina ɓoye murnata, na buɗe shagon kayan babur a cikin gari. Yaya Dauda kuwa ba su suka ƙi shi ba, shi ya ƙi su. Ya tsaya gaban Baba ya ce lauya zai zama, Baba ya daɗe ba ya amsa gaisuwarsa. Tun yana yaro haka Allah ya yi Yaya. Idan ka ce masa gari ya waye, sai ya leƙa waje, sannan ya nemi jin ta bakin zakara. Idan na yi faɗa a rafi na dawo da jini a hanci, maimakon ya je ya rama mini kamar yayyen mutane, sai ya zaunar da ni ya tambaye ni abin da na fara faɗa wa yaron. Abin haushin kuma, kullum akwai abin da na fara faɗa.

Ku 'yan yanzu da waya da akwati kuke neman aure. A ƙauyenmu na gindin dutse, a zamaninmu, da gadon baya ake nema. Golmo ake kiransa: saurayi zai yi shekaru yana noma wa uban yarinyar da yake so, kuma ba shi kaɗai ba, tare da ƙungiyar tsaransa. Yau a gonar surukin wannan, gobe a ta surukin wancan, daga fitowar rana har ta yi ja. Yaya Dauda yana makaranta, amma Baba ya ce boko ba ya ɗauke wa ɗansa golmo, saboda haka duk hutun damina yana gonar uban Anti Rifkatu. Matsalar ita ce damina ba ruwanta da ranar komawa makaranta. Duk kwanakin da Yaya yake aji, akwai mai jan layi biyu a gonar nan, nasa da na Yaya. Manga ne, ɗan maƙerin ƙauyenmu, gajere mai faɗin kafaɗa kamar ƙyauren zaure. Ban taɓa jin an roƙe shi ba, ban kuma taɓa jin ya ambata ba. Da aka ba Yaya matarsa, tsofaffi suna wasa suna cewa rabin amaryar ta Manga ce.

Ba zan gajiyar da ku da jerin garuruwan da Yaya ya yi aiki ba. Ya yi lauyan gwamnati, ya daɗe yana shan ranar kotuna, aka naɗa shi alƙalin babbar kotun tarayya, aka yi ta yawo da shi kudu da arewa, daga ƙarshe aka kawo shi Birnin Kebbi. A can na fara ganinsa a kan kujera. Na sa babbar rigata mai aiki, na shiga ina washe baki, ina shirin ɗaga masa hannu kowa ya san ƙanin waye ya zo. Sai aka ƙwanƙwasa wata ƙofa, wani ya daka tsawa, kowa ya miƙe. Mutumin da ya shigo cikin baƙar riga da farar hular gashi fuskar Yaya gare shi, har da tabon garma a haɓarsa, amma idonsa ya wuce ta kaina kamar ni ma benci ne. Manyan lauyoyi, masu motocin da sai an yi musu kwana biyu a titi, suna sunkuyawa kafin su buɗe baki. Shi kuwa ba ya ɗaga murya. Yana saurare, yana rubutu da hannunsa, ɗakin ya yi tsit har kana jin tafiyar alƙalaminsa a kan takarda. Wata tsohuwa ta zo ba da shaida tana rawar jiki, ya sa aka kawo mata kujera, ya jira har ta nutsu, ya saurare ta daidai yadda ya saurari babban lauyan da ya zo daga Legas. Ni da ba a taɓa rufe mini baki ba, ko a wurin jana'iza, na zauna ko tari ban yi ba. Hannun da na fara ɗagawa na mayar da shi ƙeya, na yi kamar susa nake.

Shekarar da nake son ba ku labarinta ita ce wadda 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan da ke bayanmu. Mutanen wajen Kanya da Dirin Daji suna ta shigowa Zuru da tabarmi a ka da awaki a igiya. Samarin ƙauyenmu suka fara gadi, gadi kuwa da sanda ba ya yiwuwa. Manga ya gaji maƙerar ubansa, duk garmar da ke ƙauyen daga hannunsa ta fito, sai ya fara ƙera wa samarin bindiga irin ta gida. Farkon damina jami'an tsaro suka zo suka tafi da shi, shi da babban ɗansa mai yi masa zuga, da duk abin da suka samu a maƙerar. Laifin makamai kotun tarayya ake kai shi, kuma a lokacin Yaya ne ke zaune a kotun tarayyar jiharmu.

Da labarin ya iso ƙauye har guɗa aka yi. Ranar shari'a muka cika ƙananan bas-bas kamar masu kai amarya, ni ne a kujerar gaba, ina gaya wa mutane cewa kafin la'asar zan sauka in ba Manga wurina mu dawo da shi. Kande, matar Manga, ta ɗaura sabon zane, har kaza ta soya ta ƙunsa. Aka kira shari'a, aka shigo da Manga da ankwa a hannu. Yaya ya ɗaga kai ya dube shi, kallon da bai fi ƙiftawar ido ba, sai ya ajiye alƙalami. Ya yi magana da Turanci, tafinta ya mayar mana da Hausa.

"Wannan mutumin na san shi tun ban san doka ba. Ya yi mini noma, na ci a gidansa, matata daga gonar da ya nome ta fito. Ba zan iya zama a kan shari'arsa ba. A mayar da fayil a ba wani alƙali."

Shi ke nan. Ya miƙe, aka miƙe. Ko maganar beli bai saurara ba. A hanyar dawowa babu wanda ya taɓa kazar nan sai ni, ni ma don kada ta lalace ne.

Abin da mu ba mu sani ba, shi ya sani, shi ne fayil idan ya bar hannun alƙali ba babur yake hawa ba. Sai ya je can sama, a duba, a zaɓi wani alƙali a wata jiha, a sa rana, ga kuma dogon hutun kotu yana tafe. Wato Manga a gidan yari zai ci damina. Ƙauye ya juya mana baya. Mata suka daina amsa gaisuwar kakarku Mama a coci. A kasuwa mutum zai tura babur ɗinsa ya wuce ƙofar shagona, ya je wurin maƙwabcina Emeka neman fulogi, shi kuma Emeka don tausayi sai ya zagayo ta baya ya saya a wurina ya kai masa. Maganar da ke yawo ita ce Dauda ya taka bayan Manga ya zama mutum, ran da ya gan shi da ankwa kuma ya kakkaɓe rigarsa ya tashi. Na yi ƙoƙarin yi wa mutane bayanin doka, amma ni kaina bayanin bai zauna mini ba, balle masu saurare.

Ana cikin haka sai ga wani labari. Sunan Yaya ya shiga cikin waɗanda ake dubawa don ƙarin girma zuwa kotun ɗaukaka ƙara. Baba Saje, wanda ya daɗe da yafe masa rashin kaki, ya kira ni ya tambaye ni wannan muƙami da me ya yi daidai a soja. Na ce janar. Ya ce wane irin janar. Na ce irin wanda taurari suka cika masa kafaɗa har suka gangaro hannu. Daga ranar tsohon ya fito da takalmansa na fareti, kullum da safe yana goge su don ranar rantsarwa. Yaya ya ja mana kunne ta waya, ya ce a irin wannan lokaci tankaɗe mutum ake yi da rariya. Ko ƙorafi ɗaya aka shigar a kansa, gaskiya ne ko ƙarya, sai a ajiye sunansa gefe har a gama bincike, sauran kuwa ba za a tsayar da su don shi ba. Bai faɗa ba, amma duk mun sani, shekarunsa sun kai inda irin wannan dama ba ta cika dawowa. Baba ya kafa wa gidan doka, ko akuyarmu ba a yarda ta shiga gonar wani ba.

Watan Agusta kotu ta tafi hutu, Yaya ya zo gida da Anti Rifkatu. Washegari da hantsi Kande ta zo gaisuwa. Matar da ta saba kiransa ɗan boko tana jifansa da ɓawon gyaɗa, ranar daga bakin ƙofa ta durƙusa kamar baƙuwa, ta ce ranka ya daɗe. Ba ta ambaci kotu ba, ba ta ambaci mijinta ba. Ya tambaye ta yara, ta ce lafiya. Ya tambaye ta gona. Ta ce ita da 'yan matanta sun yi shuka, sun yi noman fari da fartanya, amma huɗa ta gagare su, dawa ta kai ƙugu, iskar shekaranjiya ta kwantar da gefe guda. Ku da ba ku taɓa riƙe garma ba, huɗa ita ce a tara wa dawa ƙasa a gindi don ta tsaya da ƙafarta. Aikin ƙarfi ne, in ba a yi shi a kan lokaci ba, ruwa da iska za su shimfiɗe gonar, gidan ya shiga shekara da rumbu wayam. Tsaran golmon Manga wasu sun mutu, wasu sun tsufa a bariki, waɗanda suka rage kuma tsoro ya kama su, don ana raɗe-raɗin za a dawo a kwashi duk wanda ya karɓi bindiga a hannunsa. Babu mai so a gan shi a gonar nan.

Kande na fita, Yaya ya tashi ya shiga ɗakin ajiya. Mun ji yana ture buhuna. Ya fito da tsohuwar garma, ya zauna a kan turmi yana gwada ƙarfin ƙotarta. Ni na fara magana, kamar kullum. Na ce ba sai an kai ga haka ba, zan nemo 'yan ƙodago daga gari in tura su, ba wanda zai san daga inda suka fito. Ya ce abin da alƙali ya yi wa wanda ake tuhuma a ɓoye, ran da ya fito fili wani suna za a ba shi, kuma ko sisinsa ba zai shiga gonar nan ta hannun kowa ba. Na ce to ni in je a madadinsa. Ya dubi tumbina, Mama ta yi dariya har da hawaye duk da halin da ake ciki. Sannan ya ce ai ba layina Manga ya noma ba.

Baba Saje ya buga sandarsa a ƙasa ya ce oda ce, a mayar da garma inda aka ɗauko ta. Ya ce soja ba ya barin fareti ran da za a liƙa masa anini.

"Ka ƙi shi a kotu, gari ya zage mu, muka haɗiye. Yanzu kuma za ka shiga gonarsa, na sama su ma su juya maka baya. Wane irin mutum ne ke neman duka ta gaba da ta baya?"

Yaya ya sauko daga kan turmin ya durƙusa, yadda muke yi wa Baba magana tun muna yara.

"Baba, a kotu ba ni da abin da zan ba shi. Kujerar nan ba tawa ba ce, amana aka ba ni. Gadon bayan nan kuwa nawa ne."

Baba ya ce za su cire sunanka. Yaya ya ce ya sani. Baba ya juya ga Anti Rifkatu, wadda ke gefe tana tsinkar zogale, ya ce ta yi wa mijinta magana tunda shi ya daina jin ta ubansa. Ta ajiye faifan ta shiga ɗaki. Mun ɗauka kuka za ta je yi. Sai ta fito da tsohon wando da takalmin roba da gorar ruwa, ta ajiye a gaban Yaya, ta durƙusa wa Baba ta ce ya yi haƙuri, ita ce aka yi wa noman.

Da safe muka tafi. Ɗan sandan da ke tsaron Yaya ya ƙi zama a gida, ya biyo mu ya tsaya a gindin ɗorawa da bindigarsa, yana kallon maigidansa cikin wandon da gwiwarsa ta huje kamar mai mafarki. Yaya ya kafa wa kansa dokoki tun a hanya: ba zai shiga gidan Manga ba, ba zai sha ruwan Kande ba, kuma duk wanda ya ambaci shari'a a gonar zai ɗauki garmarsa ya tafi. Ni kuwa ba jarumta ta kai ni ba. Mama ce ta ce in bi shi, in ya faɗi a samu mai ɗaukowa. Kafin rana ta take, wanda aka ɗauko ni ne. Na yi layi ɗaya da rabi, na ga bishiyoyi sun fara tafiya, ɗan sandan ya ja ni inuwa yana yi mini fifita da hularsa. Daga nan na kalli sauran.

Yaya mutum ne da ya doshi sittin, hannunsa ya yi laushi kamar na jariri don riƙon alƙalami. Layinsa na farko a karkace ya tafi, numfashinsa kamar zugazugi. Na ce a raina yanzu zai haƙura. Bai haƙura ba. A hankali jikin ya tuna abin da ya sani, kafaɗar ta sauka, sara ya daidaita, ƙasa ta fara juyawa tana kwanciya a gindin dawa. Inda iska ta kwantar da kara sai ya tsuguna ya tayar da shi da hannu, ya tara masa ƙasa, ya danne da ƙafa, sannan ya wuce na gaba, ba ya tsallake ko ɗaya, ko ƙaramin da ni zan ce ba zai yi zangarniya ba. Bororo ya fito masa a tafin hannu ya fashe, ƙotar garma ta yi ja. Ya yage gefen rigarsa ya ɗaure, ya ci gaba. Fuskarsa ita ce wadda na gani a kotu, ba fushi, ba fara'a, ba neman a gan shi. Kande da 'yan matanta suna can ɗaya gefen gonar, ba su matso ba, shi ma bai dube su ba. Na sha ganin ƙarti suna noma, na ga masu noman da ƙura ke tashi a bayansu kamar mota ta wuce. Amma ban taɓa ganin mutum yana sara ƙasa alhali ya san kowane sara yana nisanta shi da abin da ya yi rayuwarsa yana nema ba, kuma hannunsa bai yi sanyi ba.

Ranar farko mutane daga kan duwatsu suke leƙe. Kashegari mata masu itace suka riƙa tsayawa a bakin hanya da kaya a ka, sun manta da nauyinsa. Sai ga tsoho Bagudu, ɗaya daga cikin tsaran golmonsu, mai ido ɗaya, ya gangaro da garma a kafaɗa. Bai yi sallama ba, bai dubi ɗan sanda ba, ya kama layin da ke kusa da na Yaya. Bayansa wani ya zo, sannan wani. Tsofaffi ne duka, masu furfura da ciwon gwiwa, waɗanda 'ya'yansu suka daɗe da hana su aikin ƙarfi. Suka jeru kafaɗa da kafaɗa, wani ya ɗauko waƙar golmo da yarenmu, wadda rabona da jinta tun ina yawo ba wando, sauran suka amsa. Garmuna suna tashi tare suna sauka tare, Yaya a tsakiyarsu, ba ka bambanta shi da kowa sai da tsumman hannunsa. Ɗan sandan, Bayarabe ne da ba ya jin ko kalma ɗaya ta waƙar, na ga ya cire hula ya riƙe a ƙirji.

A ranar ne wani mai wucewa a babur ya tsaya ya ɗaga waya. Na gan shi, na yunƙura da gudun da ban taɓa yi ba tun ranar da likitan soja ya sallame ni, na je na tsaya a gaban Yaya don in kare shi da jikina. Jikin ya isa ya kare mutum uku, amma na makara. Yaya ya ce in bar mutum ya ɗauka, ba sata muke yi ba. Wannan shi ne hoton: ni a gaba baki buɗe, Yaya a bayana a sunkuye da garma, tsofaffi a jere, dawa ta miƙe a bayansu. Babu kuɗi a ciki, babu mace.

Kafin a gama huɗar gonar hoton ya kai Abuja. Wani da har yau ba mu san shi ba ya shigar da ƙorafi, wai an ga alƙalin tarayya a gonar wanda ake tuhuma da ƙera makamai. Aka kira Yaya. Ban ga laifinsu ba, in da ni ne a kujerarsu aka nuna mini wannan hoto, ni ma zan tambaya, ko don in san waye mai tumbin. Ya je ya ce shi ne, ya faɗi yadda aka yi daga golmo har zuwa huɗa. Suka bincika, suka tarar tun ran da ya mayar da fayil bai sake taɓa shari'ar ba, bai kuma yi wa sabon alƙalin magana ko ta gaisuwa ba. Suka wanke shi tas. Sai dai kafin a gama wankin, an riga an miƙa sunayen waɗanda za a ɗaga.

Ran da aka karanta sunayen a labaran rana, Baba Saje yana zaune a ƙofar ɗaki da rediyo a cinya, takalman nan a gefensa suna ƙyalli har kana ganin fuskarka. Mun san abin da za a ji, shi ma ya sani, amma ya saurara har sunan ƙarshe. Ya kashe rediyon. Can ya tambaye ni ko dawar ta tsaya. Na ce ta tsaya, ta fi rufin ɗakin nan tsawo, kuma wannan karon ban ƙara ko taƙi ba. Ya gyaɗa kai ya ce to. Ya ɗauki takalman da kansa ya tura su ƙarƙashin gado.

Sabon alƙalin ya sallami ɗan Manga, shi kuwa Manga ya same shi da laifi, don bai yi musu ba ko sau ɗaya. Aka duba halin da ƙauyen ke ciki da zaman da ya riga ya yi, aka yanke masa ɗaurin da saura kaɗan ya cika. Bayan an gama girbi ya fito, ya tarar da rumbunsa cike har wuya. Lokacin Yaya ya zo gida Kirsimeti. Da safe muna zaune a tsakar gida za mu karya, Anti Rifkatu ta ajiye mana tuwon dawa ɗumame a kwano ɗaya, sai ga Manga a bakin ƙofa. Ya rame, kafaɗar nan ta zube, amma tafiyar tana nan. Ya gaida Baba, ya gaida Mama, ya zo ya zauna a kan benci kusa da Yaya. Ba su gaisa ba. Na buɗe baki Mama ta harare ni na rufe. Daga ƙarshe Manga ya yi magana, idonsa a ƙasa.

"Dauda, abu ɗaya na kwana da shi a can. Da shari'ar ta tsaya a gabanka, da ka ɗaure ni?"

"Da na ɗaure ka."

Na dubi ƙofa ina auna ta inda zan bi in an fara dambe. Manga ya daɗe yana jinjina kai. Ya ce haka ya gaya wa mutanen ɗakinsu a gidan yari, suka ce ƙarya ne, babu irin wannan mutum. Sannan ya ce ya zagaya gonar, aikin ya yi, sai dai akwai wani layi ɗaya da rabi ta gabas da ya tafi kamar maciji ya sha burkutu, yana so ya san wane ne. Yaya ya nuna ni da haɓa. Baba Saje ya fara dariya, irin wadda ke ƙarewa da tari, Yaya ma ya yi har ya dafe ciki, mutumin da lauyoyi ke cewa ba su taɓa ganin haƙoransa ba.

Yaya bai sake samun waccan dama ba. Har yau yana kan kujerar da yake kai, yaran da ya koya wa aiki sun wuce shi, wasunsu su ke duba hukuncinsa idan an ɗaukaka ƙara, kuma ban taɓa jin ya yi tsaki a kan haka ba. Amma a safiyar nan babu wanda ya yi maganar kujera. Anti Rifkatu ta kawo ruwa a ƙwarya, Manga ya wanke hannu, ya matso, ya sa hannu a kwanon Yaya suka ci.